Kwaroron Roba, Shakka Da Gwajin Jini: Lamarin Ƙanjamau A Unguwannin Masana'antu Na Kano





Gabatarwa

Da farko ina godiya ga hukumar wannan jami'a da ta ba ni damar tsayawa a gabanku yau. Na kuma san cewa batun da zan yi magana a kai ba irin wanda Bahaushe ya saba furtawa a gaban manya ba ne, saboda haka ina neman afuwa tun kafin in fara. Sai dai al'adarmu ta ɗauke wa mutum uku kunya idan suna bakin aikinsu, watau ungozoma, da mai wankan gawa, da mai magani. To, a matsayin na ukun nan ne na zo, kuma a matsayinsa zan yi magana.

Asalin wannan lacca wata tambaya ce wadda na sha ji daga bakin ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Mai tambayar yakan bari sai ɗakin duba marasa lafiya ya zama ba kowa, sa'an nan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Likita, na sadu da wata mace, amma fa na sa roba. Shin na kamu? In kuma zan yi gwaji, yaushe zan yi?" Sau da yawa mutumin ya yi makonni yana ɗauke da wannan tambaya a ƙirjinsa, ba ya barci, ba ya cin abinci, yana ƙaurace wa iyalinsa ba tare da ya gaya musu dalili ba.

Ba na jin akwai wanda yake bukatar in tuna masa hukuncin zina a addini, domin malamanmu sun bayyana shi, kuma kame kai shi ne kariyar da ba ta da ɓaraka. Amma ya kamata mu lura da abu biyu. Na ɗaya, ba duk mai wannan tambaya ne mazinaci ba. Akwai ma'aurata waɗanda ɗayansu yake ɗauke da cutar, suna amfani da roba bisa shawarar likita. Na biyu, ko da mai tambayar ya yi laifi, matarsa da take gida da jaririn da take shayarwa ba su yi ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca shi ne, kwaroron roba yana rage haɗari ƙwarai da gaske, amma ba shi ne yake kawar da shakka ba. Abin da yake kawar da shakka shi ne gwajin jini, in an yi shi a lokacin da ya dace.

Unguwannin Masana'antu Da Mutanensu

Kafin mu shiga maganar cuta, ya kyautu mu dubi wurin da mutanen da muke magana a kansu suke rayuwa. Bompai ita ce babbar yaya a cikin unguwannin masana'antun Kano, domin an fara kafa masana'antu a cikinta tun kafin samun mulkin kai a 1960. Sharaɗa, wadda aka yanka ta kashi uku, da Challawa ta wajen Panshekara, sun bunƙasa ne daga shekarun 1970 zuwa na 1980, lokacin da kuɗin man fetur suka yawaita. A nan aka kafa majemu, da masaƙu, da masana'antun roba, da na man gyaɗa, da na alewa da biskit, har Kano ta zama ta biyu ga Ikko a harkar masana'antu.

Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, sa'an nan matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje suka biyo baya, masana'antu da dama sun rufe, musamman masaƙu. Waɗanda suka rage kuwa, da yawansu sun koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, waɗanda ake biya a kullum ko a mako. Wannan canji yana da alaƙa da batunmu ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko, da yawan ma'aikatan nan baƙi ne, sun baro iyalansu a ƙauyuka ko a wasu jihohi, suna kwana mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, ba sa komawa gida sai bayan watanni. Haka kuma direbobin manyan motoci da yaransu sukan yi kwanaki a bakin ƙofar masana'anta suna jiran lodi. Hanya ta biyu, ma'aikacin da ake biya a kullum, in ya tafi asibiti ya yini a layi, to ya yi asarar kuɗin yinin, mai yiwuwa ma ya dawo ya tarar an sa wani a gurbinsa. Hanya ta uku, wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki yana tsoron duk wata magana da za ta kai kunnen manaja. Saboda haka mutumin da ya fi kowa bukatar amsa, shi ne wanda ya fi kowa wahalar zuwa nemanta.

Cutar Da Girmanta A Ƙasarmu

An fara ba da rahoton wannan cuta a Amurka a watan Yuni na 1981. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano ƙwayar da take haddasa ta, wadda daga baya aka sa wa suna HIV. A Nijeriya kuwa an ba da sanarwar samun ta a 1986. Ƙwayar tana kama wasu ƙwayoyin jini ne waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki, ta riƙa cinye su sannu a hankali. Mutum yana iya yin shekara 8 ko 10 yana aikinsa garau, kafin garkuwar ta rushe, cututtuka irin su tarin fuka da gudawa su yi masa rubdugu. Wannan matakin ƙarshe shi ne muke kira ƙanjamau. Ke nan ɗaukar ƙwayar daban, ƙanjamau daban, kuma ba a gane mai ɗauke da ita da ido.

Ƙwayar tana zama ne a cikin jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da ruwan nono. Ba a ɗaukar ta ta hanyar musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko gumi, ko cizon sauro. Na faɗi wannan ne domin ma'aikacin da yake kwana ɗaki ɗaya da mai cutar, ko yake aiki a kan inji ɗaya da shi, ya san ba shi cikin wani haɗari.

Dangane da yawanta, binciken da ake yi a kan mata masu zuwa awon ciki ya nuna ta kai ƙololuwa a 2001, da kashi 5.8 cikin 100. A 2018 aka gudanar da wani babban bincike gida gida a duk faɗin ƙasa, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019. Ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne suke ɗauke da ƙwayar, watau wajen mutum miliyan 1.9 in an haɗa da yara da tsofaffi. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma adadin shi ne kashi 0.6, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Kashi 0.6 na jama'a mai yawan ta Kano dubban mutane ne, kuma a tsakanin mata masu zaman kansu adadin ya ninka na sauran jama'a sau da yawa.

Iyakar Kariyar Da Roba Take Bayarwa

To, yanzu mu koma ga tambayar mutuminmu. Abu na farko da zan gaya masa shi ne, ƙwayar cutar ba ta ratsa kwaroron roba mai kyau. Akwai jita-jitar da take yawo a majalisu cewa wai robar tana da ƙananan huji waɗanda ƙwayar take bi. An gwada wannan a ɗakunan bincike an ga ba haka ba ne. Muddin robar ba ta fashe ba, ba ta zame ba, an kuma sa ta tun daga farko har ƙarshe, to ruwan jikin ɗaya bai kai ga gaban ɗaya ba.

Domin mu fahimci girman haɗarin, bari in kawo alƙaluman da masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka buga a 2014. Sun ƙiyasta cewa, in namiji ya sadu da mace mai ɗauke da ƙwayar ba tare da roba ba, ana samun kamuwa kamar sau 4 a cikin saduwa 10,000. In namijin ne mai ɗauke da ita, macen tana kamuwa kamar sau 8 a cikin 10,000, watau haɗarin mace ya ninka na namiji. Saduwa ta dubura kuwa, ga wanda aka yi wa, adadin ya kai 138. Ƙarin jinin da yake ɗauke da ƙwayar ya haura 9,000 a cikin 10,000. Sa'an nan wani nazari na 2002, wanda ya tattara bincike da dama a kan ma'aurata da ɗayansu yake da cutar, ya nuna waɗanda suka ce suna amfani da roba a kullum haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 80 cikin 100.

Mai sauraro zai ce, in ƙwayar ba ta ratsa roba, ina sauran kashi 20 suka tafi? Amsa ita ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagewar kuwa daga hannun mutane take zuwa. Wani ba ya sa robar sai an yi nisa. Wani yana cire ta kafin a gama. Wani ba ya matse iskar da take kan tsininta, sai ta fashe. Wani yana yage ƙunshinta da haƙori. Wani yana shafa mata basilin, ko man gyaɗa, ko man kitso, alhali kuwa duk wani mai yana cinye ƙarfin robar cikin 'yan mintoci. Abin shafawa mai ruwa ya dace da ita. Wani yana haɗa biyu wai don ƙarin kariya, gogayyarsu ta yaga su. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a Kano, watau zafi. Robar da ta yi watanni a aljihun wando, ko a gaban mota, ko a kan teburin mai tireda a ranar Afrilu mai zafin da ya haura digiri 40, ta riga ta yi rauni ko da kwanan watan da aka buga a jikinta bai cika ba.

Wajibi ne in yi gargaɗi a kan alƙaluman da na kawo, domin matsakaici ne, ba alkawari ba. Suna hauhawa ninki ba ninki in akwai gyambo a gaba, ko ciwon sanyi, ko tunjere, ko in wanda aka sadu da shi bai daɗe da kamuwa ba, domin a makonnin farko ƙwayar takan cika jini maƙil. Akwai wanda ya kamu a saduwa ɗaya tak. Haka nan kaciya: bincike uku da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda, waɗanda aka buga tsakanin 2005 da 2007, sun nuna tana rage wa namiji haɗari da kimanin kashi 60. Wannan alheri ne ga al'umma mai kaciya irin tamu, amma ragi ne, ba katanga ba. A ƙarshe, roba ba ta rufe fatar jiki duka, saboda haka tunjere da wasu ƙuraje suna iya wucewa ko da an sa ta.

Mutum Uku, Amsa Uku

Masu zuwa da wannan tambaya sun kasu kashi uku, kowanne da amsarsa.

Na farko shi ne wanda robarsa ba ta fashe ba, ba ta zame ba, ya kuma sa ta daga farko har ƙarshe. Wannan haɗarinsa ƙanƙane ne ainun, kuma ba ya bukatar maganin gaggawa. Duk da haka nakan ba shi shawarar ya yi gwaji, saboda dalili biyu. Na ɗaya, galibi ba wannan ne karonsa na farko ba, kuma bai taɓa yin gwaji ba, don haka ba daren jiya kaɗai muke tambaya ba, muna tambayar shekarun baya ne. Na biyu, na lura bayanina ba ya kwantar masa da hankali kamar yadda sakamako yake yi. Gani ya kori ji.

Na biyu shi ne wanda robarsa ta fashe ko ta zame, ko macen da aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin asibitin da allura ta soke shi. Wannan agogo yake tsere da shi. Akwai maganin kariya na bayan aukuwa, wanda likitoci suke kira PEP. Sharaɗinsa shi ne a fara sha kafin cikar awa 72, watau kwana 3, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Wanda ya fara a ranar ya fi wanda ya fara a rana ta uku. Za a fara yi masa gwaji a tabbatar ba ya ɗauke da ƙwayar tun da can, sa'an nan ya sha maganin kullum har kwana 28 ba fashi, daga baya a sake gwada shi. Ma'aikacin da abin ya same shi daren Juma'a, ya ce bari sai ya karɓi kuɗin mako, ko sai ya sami hutu, to ya bar damar ta wuce. Kada kuma ya tsaya a kemis ana haɗa masa kafso, domin maganin ƙwayoyin cuta na yau da kullum ba ya taɓa wannan ƙwaya. Wanke gaba da sabulu ko ruwan batir ko wani sinadari ba ya hanawa, hasali ma yana ƙona fata ya buɗe ƙofa.

Na uku shi ne wanda ya yi shiru har makonni suka wuce, yanzu ga hutun salla ya zo zai tafi gida. Wannan lokacin maganin gaggawa ya wuce masa. Abin da ya rage shi ne gwaji, da kuma kare matarsa kafin sakamako ya tabbata, ko ta hanyar haƙuri, ko ta hanyar roba. Na san wannan magana ce mai nauyi a tsakanin miji da mata. Amma nauyinta bai kai na ranar da za a gaya wa mace a ɗakin awon ciki cewa tana ɗauke da cutar da ba ta san inda ta same ta ba.

Lokacin Ɓuya Da Ranar Da Ta Dace A Yi Gwaji

A nan ne kuskure ya fi yawa. Mutum ya sadu da mace daren Asabar, ya je gwaji ranar Litinin, a ce masa babu, ya tafi yana murna. Wannan sakamako bai faɗi kome ba a kan daren Asabar. Labarin watannin baya kawai ya bayar. Dalili kuwa, tsinken gwajin da aka fi amfani da shi a asibitocinmu, wanda ake ɗiga masa jinin yatsa ya ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, ba ƙwayar kanta yake nema ba. Yana neman makaman da jiki yake ƙerawa ne domin yaƙar ta, jiki kuwa yana bukatar lokaci kafin ya ƙera su. Misalinsa kamar manomi ne da ya yi shuka yau, ya dawo gobe ya ce iri bai kama ba don bai ga tsiro ba. Wannan tazara ita nake kira lokacin ɓuya.

Tsawon lokacin ɓuya ya danganta ga irin gwajin. Gwajin da yake neman ƙwayar kanta a cikin jini yana iya gano ta daga kwana 10 zuwa 33 bayan kamuwa, sai dai yana da tsada kuma sai a manyan ɗakunan gwaji. Gwajin ɗakin bincike mai neman ɓangaren ƙwayar tare da makaman jiki, wanda ake ɗibar jini daga jijiya, yana ganowa daga kwana 18 zuwa 45. Tsinken gwaji na makaman jiki kaɗai kuwa, daga kwana 23 ne zuwa 90. Na'urar gwada kai a gida, wadda ake goga wa dasashi, ita ma a wannan rukuni na ƙarshe take.

Saboda haka shawarata ga ma'aikaci ita ce ya yi gwaji sau uku in akwai dalilin damuwa. Ya yi na farko nan take, domin ya san matsayinsa na da. Ya yi na biyu bayan mako 6, lokacin da akasarin waɗanda suka kamu suke nunawa. Ya yi na ƙarshe bayan wata 3 cif. In na wata 3 ya nuna babu, kuma bai sake shiga wani haɗari a tsakani ba, to magana ta ƙare, ya je ya yi barcinsa. Ba ya bukatar ya yi ta zagaya ɗakunan gwajin Kano yana ƙarar da albashinsa.

Akwai masu ƙoƙarin gane matsayinsu ta hanyar alamu. Gaskiya ne wasu sukan yi zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da ƙuraje, da kaluluwa, mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa. Amma wane ne a cikin ɗakin nan bai yi zazzaɓi da damina ba? Zazzaɓin sauro da taifot da mura duk haka suke zuwa, fargaba ita kanta tana hana cin abinci ta sa rama. Wasu kuma sun kamu ba su ji kome ba. Alama ba ta tabbatarwa, rashinta ba ya korewa. Haka kuma in tsinken farko ya nuna akwai, ba a yanke hukunci sai an maimaita da wani tsinke na daban, wanda ya gwada kansa a gida kuwa lalle ne ya je asibiti a tabbatar.

Wannan bayani ya shafi aure ma. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da na wannan cuta, da ciwon hanta, da rukunin jini na sikila. Doka ce mai amfani. Amma ango ya sani, takardar da ya karɓa mako biyu bayan ya shiga haɗari tana iya gamsar da waliyyi da liman, ba ta kare amarya ba. Amanar lokacin ɓuya tana wuyan wanda ya san abin da ya aikata.

Abin Da Yake Hana Ma'aikaci Zuwa Gwaji

Wuraren gwaji ba su yi ƙaranci a Kano ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda yake da cibiya ta musamman mai sunan Farfesa S. S. Wali. Akwai Asibitin Murtala a cikin birni, da Asibitin Nassarawa wanda ba shi da nisa da Bompai, da Asibitin Zana, ban da ƙananan asibitocin unguwanni. Abin da yake hana zuwa tsoro ne iri biyu: tsoron mutuwa da tsoron kora.

Game da na farko, tsoron ya tsufa, ilmi ya wuce shi. A 1997, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito ya shaida wa duniya cewa wannan cuta ce ta kashe ƙanensa Fela, magani bai isa hannun talakan Nijeriya ba, shi ya sa mutanenmu suka laƙaba mata suna kabari kusa. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin bayar da magani a 2002, ta mayar da shi kyauta a 2006. A yau akasarin masu cutar ƙwaya ɗaya suke sha a rana, kuma wanda ya fara da wuri ya riƙe sha yana iya yin tsawon rai kusa da na kowa. Bugu da ƙari, wani babban bincike na 2011, da wasu da aka buga a 2016 da 2019, sun tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayar a jininsa har ba a iya ganinta a awo, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Mace mai ciki da take shan magani ita ma tana da kyakkyawar damar haihuwar ɗa lafiyayye. Ke nan wanda ya san yana da ita yake shan magani, ya fi aminci ga iyalinsa a kan wanda bai san matsayinsa ba.

Game da na biyu, a 2014 an kafa dokar tarayya wadda ta haramta nuna wa masu wannan cuta bambanci a wurin aiki, ta hana mai da gwajin sharaɗin ɗaukar ma'aikaci, ta kuma wajabta riƙe sirrin sakamako. Sai dai doka a takarda daban, doka a bakin ƙofar masana'anta daban. Leburan da ba shi da takardar aiki ba a bukatar a ba shi dalilin kora. Ce masa kawai za a yi yau ba aiki. A nan ne nake kira ga ƙungiyoyin ƙwadago, da ƙungiyar masu masana'antu, da hukumar yaƙi da cutar ta Jihar Kano, su haɗa kai a kan abubuwa uku. A kai gwaji kusa da ma'aikata a lokutan canjin aiki, a hannun ma'aikatan lafiya waɗanda ba albashin kamfani suke ci ba, sakamako ya tsaya tsakanin mai gwaji da wanda aka gwada. A ba ma'aikaci izinin zuwa asibiti ba tare da yanke masa kuɗin yini ba. A kuma sanar da kowane ma'aikaci da direba maganar awa 72, da Hausa, a bakin mutanen da ya yarda da su.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, na fara da tambayar mutum ɗaya, bari in rufe da amsar da nake ba shi. In robarka ba ta fashe ba, haɗarinka kaɗan ne, ka kwantar da hankalinka, amma ka yi gwaji. In ta fashe, kada rana ta uku ta faɗi ba ka isa asibiti ba. In lokaci ya wuce, ka ƙirga wata 3, ka kare iyalinka kafin su cika. In sakamako ya nuna babu, ka gode wa Allah, ka bar hanyar da ta kai ka ga wannan fargaba. In ya nuna akwai, ka fara magani, ka kawo matarka a gwada ta, ka koma bakin aikinka.

Ga ɗalibanmu kuwa, waɗanda gobe su ne likitoci da manajoji da alƙalai, ina roƙonku abu ɗaya. Ranar da wani lebura ya tsaya a gabanku ya yi ƙasa da murya, ku tuna cewa ya yi asarar kuɗin yininsa, ya kuma haɗiye kunyarsa kafin ya iso gare ku. In kuka tarbe shi da tsangwama ba zai dawo ba, kuma wadda za ta biya kuɗin wannan tsangwama tana can ƙauye tana jiran dawowarsa.